Kafin Inji Ya Juya

A jikin kowane injin lantarki, ƙarami ko babba, akwai ɗan allon ƙarfe da bai wuce tafin hannu ba, an kafe shi a gefe inda ido zai kai. Babu ado a cikinsa. Lambobi ne a jere: ƙarfin wutar da injin ke so, a ce 400 V, yawan wutar da zai ja idan an ɗora masa cikakken kaya, bugun wutar, 50 Hz, juyi 1470 a minti ɗaya, irin zafin da rufin wayoyinsa zai iya jurewa. Wanda ya buga allon a masana'anta bai san ƙasar da injin zai je ba, bai san hannun da zai taɓa shi ba, ya kuma san cewa ranar da tambaya za ta taso shi ba ya kusa. Saboda haka ya zaɓi abin da in an rasa shi injin zai ƙone, ya bar sauran.

Sai dai allon ya dogara da wani abu da ba a rubuta a jikinsa ba, wato cewa mai karanta shi yana tsaye a gaban injin. Yana ganin abin da aka ɗaura wa sandarsa, famfo ne ko fanka ko bel. Yana jin ƙararsa. In ya kai bayan hannunsa zai san ko jikin ya ɗau zafi, in kuwa waya ta fara gasuwa hancinsa zai gaya masa tun hayaƙi bai fito ba. Rubutun ya taƙaita ne domin ragowar bayanin yana nan a fili, ido da kunne suna kwasa.

Yanzu an sami wani sabon mai karatu wanda ba ya tsaye a ko'ina. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira, waɗanda da fari hira kawai ake yi da su, an soma ba su aiki su aiwatar: su nemo takarda, su aika saƙo, su sauya lamba a cikin wata na'ura. In an ba manhaja irin wannan iko, ana ce mata wakili. Wakilin ba ya taɓa komai sai ta hanyar wasu ƙananan manhajoji da ake jera masa, kowace da aikinta. Su ne kayan aikinsa. Kamfanin OpenAI ya fitar da tasa hanyar yin haka a Yunin 2023, sannan a Nuwamban 2024 kamfanin Anthropic ya fitar da wani tsari na bai-ɗaya mai suna Model Context Protocol, wanda wasu manyan kamfanoni suka karɓa daga baya. A wannan tsari kowane kayan aiki yana zuwa da suna, da bayani cikin magana irin ta mutane, da jerin guraben da za a cike kafin ya motsa. Wakilin ba ya ganin cikin manhajar, ba ya kuma ganin injin da ke can ƙarshen waya. Bayanin nan, wanda sau da yawa bai wuce jimla biyu ko uku ba, shi ne abin da ya sani game da kayan kafin ya taɓa shi, kuma a kansa zai yanke ko ya taɓa ko ya bari.

Da kayan aikin suka yi yawa, sai aka sami masu auna bayanansu suna ba su maki. Tambayoyin da ake yi masu ma'ana ne. Shin an faɗi aikin kayan a sarari, da aikatau guda da abin da aikin ya faɗa wa? An bambanta shi da ƴan'uwansa masu kama da shi? An faɗi lokacin da ya dace a ɗauke shi da lokacin da bai dace ba? An bayyana ma'anar kowane gurbi? Maganar ta tsaya iya buƙata, ko ta yi ta yawo? Ba ni da ja da ko ɗaya daga cikinsu, kuma duk malamin da ya taɓa gyara wasiƙar ɗalibi zai gane su. Ga kayan aikin da ke nemo yanayin sama ko jera sunayen fayiloli, wataƙila sun wadatar. Damuwata ta taso ne inda kayan aikin na saitin inji ne, domin a nan jimla tana ƙarewa da sandar ƙarfe mai juyawa, kuma akwai mutane a kusa da sandar.

In aka ba ni irin wannan bayani in auna, a zuciyata Anu Araren nake kai shi.

Wurin yana kusa da Cirozerin, arewa maso yamma da Agadas. Nan ne kamfanin Sonichar, wanda aka kafa a 1975, yake haƙar gawayin ƙasa a buɗaɗɗen rami yana ƙona shi nan take ya mai da shi wuta. Rukunin farko na tashar ya fara aiki a 1981, na biyu a 1982, kowane yana ba da kusan megawat 19. Don ma'adinan yuraniyom aka gina ta: Somaïr ta Arlit, wadda aka kafa a 1968 ta fara fitar da kaya a 1971, da Cominak ta Akokan, wadda aka kafa a 1974, ta fara a 1978, aka kuma rufe ta ranar 31 ga Maris 2021. Amma wutar ba ta tsaya a ma'adinan ba. Kamfanin Nigelec yana saye ya raba wa gidajen Agadas da Arlit da Cirozerin, kuma layin arewa ba ya haɗe da na Yamai, balle a ce in nan ta gaza can ta kawo ɗauki. Tashar da ke da rukuni biyu kacal, in ɗaya ya tsaya rabin ƙarfinta ya tafi. Mai sayar da ƙanƙara a Agadas zai ji a jikinsa, mai walda a Arlit zai ji, haka ma ɗakin haihuwa.

Abin da mutane ba su cika tunawa ba shi ne, tashar da ke samar da wuta ita kanta cike take da injuna masu shan wuta. A kowace tashar gawayi akwai bel mai jigilar gawayin, da injin da ke farfasa shi, da fankar da ke hura iska cikin murhu, da wata mai zuƙe hayaƙi, da famfunan da ke tura ruwa cikin tukunyar tururi da ƙarfi. In fankar zuƙa ta yi sanyi ta hurawa ta ci gaba, wuta da toka mai zafi za su nemi hanya ta kowace ƙofa. In famfon ruwa ya yi nawa, bututun tukunya suna iya gasuwa. Dukansu tafiyarsu ɗaya, kuma abin da ya ɗaure su wuri guda saiti ne. Ga zafi: ƙa'idar duniya ta injunan lantarki ta ɗauka cewa iskar da ke kewaye da inji ba za ta wuce digiri 40 ba, alhali a wannan yanki Afrilu da Mayu da Yuni suna haye wannan da rana tsaka. Masu sana'ar suna da wani lissafi da suka daɗe da riƙewa, cewa duk ƙarin digiri 10 a zafin wayoyi yana rage rayuwar rufinsu da rabi. Ga ƙurar hunturu da ta gawayi suna toshe ramukan da iska ke bi ta sanyaya jikin injin. Ga kuma nisa. In babban inji ya ƙone, ko a kai shi ga masu sake naɗa waya, ko a jira sabo ya taso daga tashar jirgin ruwa ya ratsa ƙasashe ya hau hanyar Tawa zuwa Arlit, wadda ake kira hanyar yuraniyom, kuma tun da aka rufe iyaka da Benin a 2023 tafiyar ta ƙara tsawo. Kuskuren da a wata ƙasa asarar yini guda ne, a nan yana iya zama na watanni.

To, me ake nufi da saitin inji? Abu biyu ne, kuma bayani da yawa ba ya ma raba su.

Na farko shi ne a gabatar da injin ga akwatin da ke sarrafa gudunsa. Akwatin nan yana ƙara bugun wuta ko ya rage domin injin ya yi sauri ko ya lafa, kuma ba zai iya yin haka da kyau ba sai ya san halin wayoyin da ke ciki. Sai a shigar masa da lambobin allo, sannan a ce ya auna sauran da kansa. Awon iri biyu ne. A ɗaya, akwatin yana tura wuta cikin wayoyi sandar tana tsaye. A ɗayan, injin yana tashi ya juya da gudu, kuma masu ƙera akwatunan suna gargaɗi a littattafansu cewa a fara raba injin da kayan da yake ja. Suna ɗaya ake kiran awon biyu da shi a bakin mutane. Tsakaninsu kuwa akwai bambancin bel da ke kwance da bel da ya zabura da tan-tan na gawayi a kai, wataƙila da mutum a gefe yana share ƙarƙashinsa.

Na biyu ya fi daɗin labari. Shi ne koya wa na'ura yadda za ta gyara kuskurenta. A 1922 wani injiniya haifaffen Rasha mai suna Nicolas Minorsky, yana aiki kan yadda jiragen ruwan sojan Amurka za su tuƙa kansu, ya lura da yadda gwanayen matuƙa ke riƙe akalar jirgi. Ya ga matuƙi yana duban abu uku a lokaci guda: nisan da jirgin ya kauce yanzu, da tsawon lokacin da ya ɗauka yana kaucewa, da saurin da kaucewar ke ƙaruwa. Daga nan aka sami lambobi uku da har yau su ne ke riƙe da yawancin famfuna da fankoki da murahun masana'antun duniya. In lambar farko ta yi ƙasa, injin ya zama rago, a ce masa tashi sai ya yi ta jan jiki. In ta yi yawa, sai ya wuce gona da iri, ya dawo ya sake wucewa, ya shiga rawa. In ta biyu ta yi yawa, sai ya riƙe tsohon kuskure yana rama shi bayan an daɗe da wucewa. In ta uku ta yi yawa, ko ƙuda ya gifta sai ya firgita. Saiti shi ne neman inda ukun za su zauna lafiya, kuma wurin zaman ya danganta da kayan da injin ke ja: lambobin da suka dace da fanka ba za su dace da injin farfasa dutse ba.

Ta yaya ake samo lambobin? A 1942 John Ziegler da Nathaniel Nichols, ma'aikatan kamfanin Taylor Instrument a Amurka, suka wallafa hanyar da ta yi suna. Ana ta ƙara lambar farko sannu a hankali har sai na'urar ta shiga kai-komo ba tsayawa, sannan a rubuta lambar da ta kai ta nan da tsawon kowane kai-komo, a yi lissafi daga gare su. A 1984 Karl Åström da Tore Hägglund, na jami'ar Lund a Suwidin, suka kawo wata hanya mai sauƙin haɗari wadda na'ura ke iya bi da kanta, amma ita ma girgiza abin take yi da gangan, kaɗan-kaɗan, ta ga yadda zai amsa. Wannan shi ne abin da nake so mai karatu ya riƙe. Saiti ba kallo ba ne. Domin ka san halin inji sai ka tsokane shi, kuma wasu hanyoyin suna kai shi har bakin rawa kafin su ja da baya.

Yanzu a ce wani ya rubuta wa wakili: "Wannan kayan aiki yana saita injin lantarki kai tsaye domin ya yi aiki yadda ya fi kyau. Ba shi lambar injin da gudun da ake so." Jimlolin tsaf suke. Akwai aikatau, akwai abin da aikin ya faɗa wa, babu kalma ko ɗaya da ta yi yawa. Mai auna tsabtar magana zai iya ba su maki mai kyau da zuciya ɗaya. Amma ba su ce injin zai juya ba. Ba su ce na minti nawa ba, ko zuwa wane gudu, ko ta wane ɓangare, alhali akwai famfunan da juyin baya ke lalatawa. Ba su ce sabbin lambobin za su shafe tsofaffin da wani ma'aikaci ya kwashe shekaru yana gyarawa ba, ko akwai hanyar dawo da su. Ba su ce me zai faru in waya ta yanke ana tsakiyar awo ba: injin zai tsaya, ko zai ci gaba da umarnin ƙarshe da ya ji? Kuma "yadda ya fi kyau" ga wa? Saitin da ya fi saurin amsawa shi ne ya fi cin bel da haƙoran giya. Saitin da ya fi tausaya wa ƙarfe shi ne ya fi nawa. A wurin da kayan gyara ke da nisan watanni, mai hankali zai iya zaɓar nawar, kuma bayanin da ya ɓoye cewa akwai zaɓi ya yanke hukunci a madadinsa ba tare da ya sani ba.

Wanda ya rubuta jimlolin nan ba maƙaryaci ba ne. Injinsa yana kan teburinsa, ƙarami ne, ba a ɗaura masa komai ba, ya gan shi yana juyawa sau ba adadi har juyin ya daina zama labari a wurinsa. Abin da mutum ya saba da shi shi ne abin da yake mantawa ya faɗa.

Haka abin yake a kowane gareji daga Kano har Agadas. Maigida yana ƙarƙashin mota sai ya ce, "Yaro, ɗan saki wannan kaɗan." Yaron ya ce, "To, maigida," ya saki daidai. Babu wanda ya gaya masa nawa ne kaɗan. Shekarun da ya yi yana miƙa sifana yana kallon hannun maigidansa su suka gaya masa. Ranar da aka kawo sabon yaro, maigidan kirki yakan sauya harshe gaba ɗaya: ya nuna ƙusar da yatsa, ya ce rubu'in juyi, ya ce ta hagu, ya ce kada ya taɓa wancan ko da wasa domin da zafi. Wakili kullum sabon yaro ne, kuma an rufe masa ido an toshe masa kunne, duk da cewa ya haddace littattafan sana'ar fiye da maigidan. Haddar nan ce ma take ƙara haɗarin. Sabon yaro in bai gane ba yakan tsaya ya yi zuru, tsayuwar tasa ta zama gargaɗi. Manhajar harshe kuwa an gina ta ne a kan cike gurbi da abin da ya fi kama da daidai. In bayani ya bar rami, tana iya cike shi da lambar da ta fi yawa a littattafai, ta wuce cikin natsuwa. Tana iya tsayawa ta yi tambaya, kuma sau da yawa takan yi, amma ta fi yin haka in an gaya mata a fili cewa wannan gurbi ba a cike shi da zato, a je a karanto daga jikin injin.

Guraben lambobi su ne inda na fi daɗewa in ina karanta irin wannan bayani. A ce gurbi sunansa "gudu". Juyi a minti ne, ko bugun wuta, ko kaso cikin ɗari na cikakken gudu? In wakili ya rubuta 50, a ma'auni ɗaya injin da ƙyar yake motsi, a na biyu ya kai maƙura, a na ukun kuwa rabin gudunsa ne. A ce gurbi yana neman yawan sandunan maganaɗisun injin. Wasu manhajoji ɗai-ɗai suke ƙirgawa, wasu bibbiyu. Injin da ke da huɗu, wanda a wutar 50 Hz ke juyi kusan 1500 a minti, in aka shigar da huɗu inda ake neman biyu, duk lissafin gudun ya karkace da ninki. Injin nan dai a wutar 60 Hz irin ta Amurka kusan 1800 yake yi, kuma manhajar da aka rubuta a can tana iya ɗaukar 60 a matsayin abin da kowa ya sani. Har alamar rubutu tana da nata tarkon. Ma'aikacin Nijar da ya yi karatu da Faransanci in ya rubuta 1,500 yana nufin ɗaya da rabi. Mai karatu da Ingilishi zai ga dubu ɗaya da ɗari biyar. Kada a ce wannan ƙaramin abu ne da manya ba sa faɗawa ciki. A Satumban 1999 hukumar NASA ta yi asarar kumbonta Mars Climate Orbiter saboda wata manhaja tana ba da ƙarfin turi da ma'aunin fam, wadda ke karɓa kuma tana ɗauka da ma'aunin mita ne. Injiniyoyi ne a ɓangarorin biyu, kuma kowace lamba daidai take a inda aka rubuta ta.

Sannan akwai maganar bakin ma'aikata. Mutumin da ke gaban inji ba ya cewa lamba ta biyu ta yi yawa. Cewa yake yi injin yana kuka, ko yana rawa, ko ba ya ja, ko yana ɗaukar zafi, ko yana yanke wuta da an tayar da shi. A Anu Araren zai faɗi haka da Faransanci ko Hausa ko Tamashek, bayanin kayan aikin kuwa galibi da Ingilishi aka rubuta shi. Wakilin ne zai haɗa gadar. Daga cikin koke-koken nan, wasu saiti ne maganinsu, wasu kuwa ba ruwansu da saiti. Injin da ke kuka domin boris ɗinsa ya cinye, ko wanda ke zafi domin ƙura ta toshe masa hanyar iska, in aka yi ta sauya masa lambobi ɓata lokaci ake yi, ciwon yana ci gaba. Bayanin da ya isa bayani zai faɗi irin ciwon da kayan ba ya warkarwa, domin wakilin da aka ba kayan saiti kaɗai zai so ya ga kowace matsala a matsayin ta saiti. Jimlar da ke cewa "kada a yi amfani da wannan idan..." ta fi wuyar rubutawa, domin mai kaya ba ya son rage wa kayansa kasuwa, kuma a ganina ita ce ta fi nuna ko marubucin ya san aikin.

Wani zai ce, to ai sai a tsawaita bayanin a zuba komai. Ba haka ba ne. Wakili yana iya samun kayan aiki hamsin a gabansa, kowane da nasa bayani, kuma dogon surutu yana binne jimlar da ke da muhimmanci. Masu auna taƙaitawa suna da gaskiya a nan. Abin da nake nema shi ne tsari: abin da zai motsa a fara da shi, abin da ba ya gyaruwa ya biyo, tarihin manhajar da yabon kai a bar su a waje.

Masu tsarin Model Context Protocol sun hango wani ɓangare na wannan. A gyaran da suka yi a Maris 2025 sun ƙara wasu alamomi da mai kaya zai iya liƙawa: wannan karantawa kawai yake yi, wannan yana iya rusa abin da ke nan, wannan in an maimaita shi ba ya ƙara komai. Amma su da kansu sun rubuta cewa alamomin ishara ce kawai, kada a dogara da su in ba a amince da inda suka fito ba. Jim kaɗan bayan haka, a Afrilun 2025, masu bincike na kamfanin Invariant Labs suka nuna yadda za a iya ɓoye mugun umarni a cikin bayanin kayan aiki, wakili ya karanta ya bi, mai amfani bai gani ba. Nan ne iyakar duk wani awo da ya tsaya a kan rubutu. Mai auna bayani, wanda a yau sau da yawa shi ma wata manhajar harshe ce, yana iya gane ko jimla ta fito sarari. Ba zai iya gane ko gaskiya ce ba. Bayanin da ya ce "ba ya juya injin" ya fi kowane bayani fitowa sarari, kuma in ƙarya ne ya fi kowane haɗari. Harshe yana auna harshe, injin yana can gefe ba a tambaye shi ba.

Hausawa sun ce gani ya kori ji, kuma a wannan sana'a maganar tana da hanyar aiwatarwa. A ɗauki inji a ɗaura shi a kan benci, a raba shi da kowane kaya, a sa ma'aunin wuta a wayarsa. A ba wakili bayanin kaɗai, a ba shi aiki irin wanda ma'aikaci zai ba shi, da irin maganar da ma'aikaci zai yi, har da wadda ba ta cika ba. Sannan a zauna a gani. Ya ɗauki kayan da ya dace, ko ɗan'uwansa? Da aka hana shi lambar allo, ya tambaya ko ya ƙirƙira? Da aka ce masa injin yana ɗaure da bel, ya ja da baya? Abin da bayanin ya ce zai faru, shi ne ya faru a kan bencin? Duk inda wakilin ya yi tuntuɓe, a koma ga jimlar da ta bar shi ya yi tuntuɓen a gyara ta, a sake gwadawa. Wannan awo ya fi tsada, ya fi cin lokaci, ba a kuma iya yi wa kayan aiki dubu a dare ɗaya. Amma kayan da ke juya ƙarfe ba su kai dubu ba a kowace masana'anta, kuma sun cancanci a ɓata musu lokacin.

Wanda ya kamata ya zauna a bakin bencin nan shi ne mutumin da ya yi shekaru yana kwana da injunan, irin ma'aikatan da suka riƙe tashar Anu Araren tana aiki sama da shekara 40 cikin zafi da ƙura. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A fassara masa bayanin zuwa harshen da yake aiki da shi, a tambaye shi abin da ya ga babu. Ina da yaƙinin abin da zai fara nema shi ne maganar kwaɗo. A masana'anta, kafin mutum ya sa hannu cikin inji, ana kashe wutar daga tushe, ya rataya kwaɗonsa a kan makunnin, ya sa mabuɗin a aljihu, a kuma rubuta sunansa. Ba mai mayar da wuta sai shi ya dawo ya cire da hannunsa. Saitin da ke juya inji kuwa ba ya yiwuwa sai an cire kwaɗon, wato ana yin sa ne daidai lokacin da kariyar nan ba ta nan. Manhaja ba ta ganin makunni, ba ta san ko mai mabuɗin ya fito daga ƙarƙashin bel ko wani abokin aikinsa ya sake shiga ba. Dole bayanin ya faɗi haka da bakinsa, ya umarci wakilin ya tsaya ya nemi tabbaci daga mutumin da ke wurin kafin kowane juyi. Kuma dole manhajar kanta ta ƙi tashi in tabbacin bai zo ba, domin wakili yana iya karanta umarni ya fahimce shi ba daidai ba, ko wani ya lallashe shi ya tsallake.